Daga Takardar Tsire zuwa Fuskar Waya

Labarin zane bai shigo Nasarawa Burkullu ta hannun mai sayar da littattafai ba. Ta wajen mahauta da masu tuyar ƙosai ya biyo. A shekarun 1980, muna firamare, Zamfara tana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, dami-dami ake saro tsofaffin jaridu a birni a kawo su tasha da kasuwa don naɗe tsire da ƙosai. Jaridar da aka buga a Legas ko Kaduna tun watannin baya sai ta ƙare a hannun yaro, duk ta jiƙe da maiƙo. Yawancin yara sukan cinye abin da ke ciki su yar da takardar. Kaɗan daga cikinmu mukan warware ta mu duba ko an dace da shafin da ke da zane: wani mai ƙaton tumbi da ɗan mitsitsin kai, magana na fita daga bakinsa cikin 'yar da'ira. Turanci bai zauna mana ba tukuna, amma ba ma bukatar kowa ya gaya mana cewa mai tumbin nan ya haɗiye abin da ba nasa ba.

Haka wannan fasaha ta yi ta zuwa mana shekara da shekaru, a gutsure, kuma da bakin wasu.

Ba wai hannun Bahaushe bai san zane ba ne. Wanda ya taɓa ganin allon zayyana ranar saukar Alƙur'ani, ko ƙwaryar amarya da aka yi wa ado da wuƙa mai zafi, ko aska takwas a gaban babbar riga, ko aikin dukawa a jikin sirdi, ya san akwai ido kuma akwai haƙuri. Sai dai duk wannan ado ne na layi da kusurwa da ƙulli, ba ya ba da labari. Labari a baka yake zaune: tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da dare, kirarin mafarauta, waƙar makaɗan fada da na maza. Hoto da labari ba su haɗu a shafi ɗaya da Hausa ba sai da aikin ɗab'i ya kafu a Zariya. Bayan gasar 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, aka buga shi tsakanin 1937 da 1939 da zane-zanen Jacqueline de Naeyer, 'yar ƙasar Beljiyam, wadda ta zama matar Rupert East. Yara da dama a ƙasar Hausa a wannan littafi suka fara ganin an zana mutum da rawani da babbar riga irin na garinsu. Ni ma da ya shigo hannuna, ya tsufa har bangonsa ya fita, na fi daɗewa a kan hotunan fiye da rubutun.

A 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, a shekarun 1950 hukumar NORLA ta cika larduna da ƙananan littattafai da jaridun yaƙi da jahilci, ciki har da Zaruma ta lardin Sakkwato. Akwai zane a cikin wannan aiki, amma ɗan rakiya ne. Aikinsa ya raka darasi: ga yadda ake haƙa masai, ga yadda ake tsinkar auduga, ga harafin da ya yi daidai da hoton. A Kudu kuwa zane ya riga ya zama makami. Tun 1944 Akinola Lasekan, mai sa hannu da sunan Lash, yake yi wa mulkin mallaka shaguɓe a jaridar West African Pilot ta Nnamdi Azikiwe. Daga nan aka sami zuriya guda ta masu zanen barkwanci a jaridun Legas, irin su Josy Ajiboye da dele jegede a gidan Daily Times, da Kenny Adamson a Punch. Gutsattsarin aikinsu ne muke tsinta a wajen mai tsire, ba tare da mun san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba.

Yayyenmu sun fi mu sa'a ta wani ɓangaren. Daga 1968 zuwa 1972 kamfanin Drum ya riƙa fitar da mujallar African Film, wadda labarinta ba zane ba ne, hotuna ne na 'yan wasa da aka ɗauka aka jera gida-gida, aka saka musu magana a baki. Jaruminta Lance Spearman, mai kwat da malafa, yana fafatawa da mugu Rabon Zollo. Akwai kuma mujallar Boom mai ɗauke da labarin Fearless Fang. Wani kawuna da ya yi makarantar kwana ya dawo da tarinsu a akwatin ƙarfe, kuma bayan shekaru da yawa da daina buga su, a wannan akwati na fara karanta labari mai farko da ƙarshe. Ba ya bari a fita da su. A zauren gida za ka zauna, ka wanke hannu, ka buɗe a kan tabarma.

"Kawu, wanga mutum Bahaushe na?" na tambaye shi wata rana, don na ga baƙar fata ne kamar mu.

"A'a ɗana, can ƙasashen kudancin Afirka aka ɗauko su. Amma dai namu na."

Wannan amsa ta zauna mini a rai. Baƙin mutum ne ke bin mugu da gudu, shi ne ke yin nasara, ba shi ne ɗan dako ko kuku a gefen hoto ba. Ga yaron da ke ganin fim sai in majigi ya zo gari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A 1975 aka fara wani littafin zane mai suna Powerman, wanda aka shirya musamman don kasuwar Nijeriya, amma a Ingila ake zana shi. Masu zanen, Dave Gibbons da Brian Bolland, daga baya sun zama manya a duniyar wannan sana'a. Gibbons ne ya zana Watchmen a 1986. An sa musu sharaɗin su riƙa sa lamba a kowane gida na zanen, don kada mai karatu ya rikice wajen bin labarin. Akwai raini a wannan tunani, amma mu nan lambar ta yi mana rana ta wata fuska. Mu da muka fara da makarantar allo, idonmu daga dama yake tashi ya nufi hagu. Na ga abokai da yawa suna karanta shafin zane a baibai, naushi ya sauka kafin a ɗaga hannu, su kuma ƙirƙiro wa abin ma'anar da ta dace. A ƙarshen 1976 Wale Adenuga ya fito da mujallar Ikebe Super, da su Papa Ajasco da Pa Jimoh da Boy Alinco. Wannan kam ɗan gida ne, da Turancin kasuwa, direbobi da 'yan kamasho sukan shigo da shi. Barkwancinsa ya cika batsa, don haka a ɓoye ake karanta shi, wanda aka kama da shi a aji ya san sauran. Amma ya tabbatar da abu guda: ɗan Nijeriya zai iya zana mutanen unguwarsu, ya buga, ya sayar, ya ci abinci.

A nan ne ni ma na ɗauki fensir da gaske. Bayan littafin lissafi shi ne filina. Ina ja layi da bakin rula in raba shafi gida shida, in fara. Da farko kwaikwayo nake, jarumina da kwat da malafa a garin da ko ɗan sanda ba ya sa kwat. Abin da ya juya ni shi ne dambe. Da kaka, idan an gama girbi, filin dambe ya cika, sai na ga duk abin da nake nema a takardun Legas ga shi a gabana: ga naɗin hannu, ga layu a damtse, ga kalangu na zuga, ga tsayuwar ɗan dambe da ƙafa ɗaya gaba yana auna abokin karawa, ga ƙurar da ke tashi in an yi kisa. A rediyo da kaset kuma ga Ɗan Anace yana wasa Shago. Na koma ina zana 'yan dambe, da mafarauta da karnukansu, da kura da ta shigo garke. 'Yan ajinmu suka fara karɓar littafin aro, wani ya ba ni gyaɗa, wani rake, har ana yi mini gardama in na sa wanda suke so ya sha ƙasa. Ban taɓa samun masu karatu da suka kai su zafi ba.

Maganar addini ta taso, dole ta taso. Malaminmu na allo ya ga littafin, ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "Yaro, ka san abin da aka ce game da masu sura abu mai rai?" Na ce, "Allah shi gafarta Malam, na ji." Bai doke ni ba, bai kuma yaga ba. Ya bayyana mini cewa hanin yana da ƙarfi, musamman a kan gunki da abin da ake girmamawa, kuma malamai sun yi saɓani a kan zanen da ke shimfiɗe a takarda wanda ba shi da inuwa. Ya ce in nisanci zana annabawa da sahabbai, in nisanci tsiraici da cin mutuncin mutane. Wasu iyayen ba su tsaya wannan bayani ba, sun hana 'ya'yansu kawai, kuma na san hannaye masu kyau da suka mutu a haka. Duk da haka ban yarda da masu cewa addini ne ya hana mu samun littafin zane ba. A kasuwar garinmu ana sayar da kalandun shehunai da aka zana da launi, ana rataye su a zaure. Masar tana da mujallar yara ta Samir tun 1956, Abu Dhabi tana da Majid tun 1979. Bafalasɗine Naji al-Ali ya yi wa al'ummarsa yaƙi da zanen ɗan yaron nan Handala mai juya baya, har aka harbe shi a Landan a 1987. Musulmi ne su ma, sun samo hanyar da za su bi.

Abin da ya fi karya mu kuɗi ne. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin SAP, Naira ta faɗi, takarda da tawada suka yi tashin gwauron zabo. Littattafan zane na waje suka ɓace daga kantuna, masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku ta durƙushe a shekarun 1990, jaridu suka rage shafuka. Littafin zane ya fi littafin zube tsada a kowane mataki: shafin da marubuci zai cika cikin sa'a guda, mai zane sai ya wuni a kansa, ga kuɗin faranti a maɗaba'a, mai karatu kuma ya cinye shi cikin minti kaɗan.

Abin mamaki, a daidai wannan matsi ne adabin kasuwar Kano ya tashi. Matasa maza da mata suka daina jiran kamfanonin ɗab'i, suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a takarda mai araha. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, sun kai har ƙauyukanmu, ana ba da su haya kwana-kwana. Daga baya littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka zo da sadaukai da aljanu da takubba. Kowane littafi yana bukatar bango, bangon kuma zana shi ake yi da hannu. A nan masu zanenmu suka sami mafaka, kuma a nan aka tsare su. Hoto ɗaya a waje, sai shafi ɗari na rubutu a ciki. Na sha riƙe irin waɗannan littattafai ina kallon sadaukin da ke bango, ina cewa da ma wanda ya zana shi ya ci gaba, ya buɗe shafi na biyu da na uku da hannunsa. Labaran yaƙin nan an halicce su ne don zane, amma ba a sami wanda ya zuba jari a wannan hanya ba. Da fim ɗin bidiyo ya zo, tun daga Turmin Danya a 1990, sai kuɗi da hankalin matasa suka koma can, bangon littafi ma ya koma hoton 'yan wasa da aka haɗa a kwamfuta.

To ina yaron Nasarawa Burkullu mai hannun zane zai nufa? Shagon atis. Ya koyi rubuta allon kanti da lambar mota, ya zana kwalbar lemo a bangon mai shayi, zaki da dabino a bayan babbar mota, fuskar ɗan takara lokacin zaɓe. Ni ma na yi wannan zama a Gusau kafin in koma koyarwa, kuma ban raina shi ba, a can na koyi haɗa fenti da daidaita harafi. Amma ba mu san cewa a Zariya akwai sashen koyar da zane a Jami'ar Ahmadu Bello ba, sashen da tun 1958, kafin a kafa jami'ar kanta, ɗalibansa irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta sauya fasahar Nijeriya. Tafiyar yini guda ce tsakaninmu da shi. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa zane abu ne da ake karantawa har a sami digiri.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, aka ƙaddamar da shari'a a 1999. Sannan a 2005 wata jarida a Denmak ta buga zane-zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin ya ƙona ran kowane Musulmi, ya kai ga tarzomar da aka rasa rayuka a Maiduguri a watan Fabrairu 2006. Waɗanda suka yi wannan aika-aika sun cuci addininmu, sun kuma cuci sana'ar da suke tutiya da ita. Shekaru bayan nan, idan ka ce kana zanen barkwanci, sai ka ga fuskar dattijo ta canza. Na san matasa da suka ajiye fensir a lokacin saboda kunya.

Waɗanda suka dawo wa abin da mutuncinsa a Arewa 'yan jarida ne. Mustapha Bulama a Daily Trust ya shekara da shekaru yana zana halin da talaka ke ciki, ɗan bindiga da shugaban da ya juya baya, tsadar abinci, yaran da aka bari a titi. Da wayar hannu ta yaɗu, zanensa ya bar shafin jarida ya shiga Facebook da WhatsApp, na kuma ga dattawan da a da suke ƙyamar abin suna miƙa wa juna waya suna cewa wallahi gaskiya ya faɗa. Abdulkareem Baba Aminu, ɗan Kaduna, ya haɗa aikin jarida da zane da sharhin littattafan zane. A talabijin, Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino don yara. Ƙannenmu kuma sun tashi da Supa Strikas, labarin 'yan ƙwallo da ya faro daga Afirka ta Kudu, wanda a bugun Nijeriya aka sa wa jaruminsa suna Shegs Okoro. A Legas abin ya zama masana'anta: an fara taron Lagos Comic Con a 2012, Jide Martin ya kafa Comic Republic a 2013. Roye Okupe ya ɗauki tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya gina labarin zanen Malika a kansa, da Turanci, don kasuwar duniya. Ban ga laifinsa ba, ya ga dukiya a yashe ya ɗauka. Mu da muke zaune a kanta ne ya kamata mu tambayi kanmu. 'Yargoje, wadda tarihi ke cewa ta mulki Zamfara, da Kanta na Kabi da ganuwar Surame, da Alƙalawa, da karon Shago da Ɗandunawa, duk suna nan suna jiran hannu.

Kuma ba jarumtaka kaɗai ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ana daka duwatsun zinari a cikin gida inda yara ke rarrafe. Iyayen da abin ya shafa da yawansu ba sa karanta boko. Shafi huɗu na zane, da ke nuna turmi da ƙura da hannun jariri zuwa bakinsa, da maganar da aka rubuta da ajami, zai shiga inda doguwar takardar sanarwa ba za ta shiga ba. Na yi wannan tunani a lokacin, har yau kuma ina yin sa duk sanda aka zo maganar rigakafi ko kwalara ko jirgin ruwan da ake cika wa kaya a gulbi.

Yaran yanzu sun sami abin da ba mu samu ba, sun kuma rasa abin da muke da shi. A waya ɗaya yaro zai karanta labaran zanen Japan, waɗanda daga dama ake fara su zuwa hagu daidai da idon ɗan makarantar allo, ya kalli darasin zana hannu da fuska, ya zana da ɗan yatsa a manhaja kyauta, ya aika wa mutum ɗari ba tare da ya sayi takarda ko ɗaya ba. Tsadar ɗab'in da ta kashe mu ba ta shafe shi ba. Amma filin damben da na koyi tsayuwar jarumi a cikinsa ba kullum ake iya cika shi ba, hanyar Anka zuwa Gummi sai da addu'a, kuma a watan Satumba 2021 an rufe makarantu an katse layukan waya a faɗin jihar na tsawon makonni saboda 'yan bindiga. Idan na duba bayan littattafan ɗalibaina yanzu, babura nake gani, mutum uku-uku a kai, da bindigogi da aka zana dalla-dalla har da kwanson harsashi. Ba na hana su. Nakan zauna in tambayi yaro wane ne wannan, daga ina suka fito, me ya faru kafin wannan hoton, me zai faru bayansa, sannan in ja masa layi in raba shafin gida huɗu in ce ya cika sauran.

Ɗan ƙanwata yana cikin waɗanda suka yi nisa. Yana haɗa labarin wani ɗan dambe da ya koma ɗan sa-kai bayan an kore musu shanu, yana sakin shafi biyu duk mako a zauren WhatsApp na abokansa. Gardamar da muke yi da shi a kan harshe ce. Wasu sun ba shi shawara ya rubuta maganar da daidaitacciyar Hausa ko da Turanci don ya sami mabiya a Kano da Abuja.

"Kawu, in na sa ya ce 'mi kaka nema', mutanen Kano cewa za su yi kuskure na yi."

Na ce masa bayanin da ke saman hoto ya rubuta shi da Hausar makaranta, amma abin da ke fita daga bakin mutum ya bar shi yadda mutumin Bukkuyum zai faɗe shi, don mutanen Kano sun shekara hamsin suna sauraren Ɗanƙwairo da Ɗan Anace ba su nemi tafinta ba. Ya yarda da rabi: jarumin da uwarsa suna Zamfarci, jami'in da aka turo daga birni yana Kananci. Shafin da zai fita mako mai zuwa shi ne inda su biyun za su fara haɗuwa a ofishin 'yan sanda.